Nana Asma'u ɗiyar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo: rayuwar haƙuri da aiki a zamanin yaƙi da rashi

A filinmu na tarihin magabata na yau za mu kawo muku rayuwar wata baiwar Allah wadda ta rasu fiye da shekaru 160 da suka wuce, amma har yanzu ana kiran sunanta a gidajen malamai da makarantun ƴan mata, tun daga Sakkwato har Ƙonni da Tawa da Maraɗi, wato Nana Asma'u ɗiyar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Galibi idan aka tashi maganarta, abin da ake ambato shi ne ilminta da waƙoƙinta da yadda ta karantar da mata, kuma duk wannan gaskiya ne. To amma mu abin da ya fi jan hankalinmu shi ne yawan rashin da ta gani cikin shekaru kamar 71 da ta yi a duniya, da kuma abin da ta yi da wannan rashi. Ta tashi babu uwa, ta yi gudun hijira tana ƴar shekara 11, ta ga yunwa da yaƙi, sannan ta ga rasuwar mahaifinta da abokin tagwaitakarta da baffanta da wanta da mijinta da aminiyarta, ɗaya bayan ɗaya. Duk lokacin da aka yi mata mutuwa sai ta yi kukanta, ta ɗauki alƙalami, ta koma bakin aiki. Wannan shi ne abin da muke son mu duba tare da ku.

Asalinta da ƙuruciyarta

An haifi mahaifinta Shehu Usmanu a shekara ta 1754 a Maratta, kusa da Galmi cikin jahar Tawa ta yanzu, wanda a wancan zamani yanki ne na ƙasar Gobir. Daga baya iyalinsu suka koma Degel, wadda a yau take cikin jahar Sakkwato ta Nijeriya. A lokacin babu wannan iyaka da muka sani yanzu, malamai da fatake da makiyaya suna kai da kawowa tsakanin Gobir da Adar da Abzin ba tare da wani shamaki ba. Shehu da kansa ya je neman ilmi har Agadas wajen Malam Jibrilu ɗan Umaru. Cikin irin wannan cuɗanya ce Nana ta tashi, shi ya sa ta iya Fulatanci da Hausa da Larabci, ta kuma ji harshen Abzinawa, wato Tamashek.

A Degel aka haife ta wajajen shekara ta 1793, kuma tagwaye ne ita da ɗan'uwanta. Bisa al'ada, idan an sa wa namijin Hassan, ita macen sai a sa mata Usaina. Shehu ya sa wa namijin Hassan, amma ita sai ya kira ta Asma'u. Masana tarihi suna ganin ya yi mata takwara ne da Asma'u ɗiyar Sayyidina Abubakar, wadda ta riƙa kai wa Manzon Allah (S.A.W.) da mahaifinta abinci a kogo lokacin hijira. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tun tana ƙarama ƙwarai, sai sauran matan Shehu suka rene ta, cikinsu har da Hauwa mahaifiyar Muhammadu Bello. Wannan reno yana daga cikin abin da ya sa shaƙuwa mai ƙarfi ta shiga tsakaninta da wanta Bello, shaƙuwar da ba ta yanke ba har mutuwa ta raba.

Gidan Shehu gida ne da mata ke karatu tun kaka da kakanni. Shehu ya sha sukar malaman da ke karantar da almajirai a zaure alhali sun bar matansu da ɗiyansu cikin jahilci a cikin gida. Don haka Nana ta fara da allo kamar sauran yara, ta sauke Alƙur'ani, ta shiga littattafan fiƙihu da tauhidi da tasawwufi bisa ɗariƙar Ƙadiriyya wadda mahaifinta yake bi.

Hijira da shekarun yunwa

Wannan zaman lafiya na Degel bai daɗe ba. Jama'ar Shehu tana ta ƙaruwa, sarakunan Gobir da ke Alƙalawa kuwa suna ganin abin yana neman ya fi ƙarfinsu. Sarki Nafata ya kafa doka wadda ta hana maza ɗaura rawani, ta hana mata yin lulluɓi, ta kuma hana kowa wa'azi in ba Shehu ba. Bayan Nafata ɗansa Yunfa ya hau gadon sarauta, al'amura suka ƙara tsanani, musamman bayan da rundunar Gobir ta auka wa garin Gimbana inda almajirin Shehu Malam Abdussalami yake zaune da mutanensa. Yunfa ya aiko wa Shehu da ya fita daga Degel shi da iyalinsa kawai, Shehu ya ƙi rabuwa da jama'arsa, sai suka tashi gaba ɗaya a watan Fabrairu na shekara ta 1804 suka nufi Gudu, can yamma bakin iyakar ƙasar Gobir. Cikin waɗanda suka taimaka wajen wannan ƙaura har da wani malami Ba'abzine mai suna Agali. An ɗora littattafai bisa raƙuma, mata da yara suka bi sahu, cikinsu har da Nana. Ba ta sake zaman Degel ba.

Daga nan yaƙi ya ɓarke. An gwabza a Matankari da Ƙonni, sannan a watan Yuni na 1804 jama'ar Shehu suka yi nasara a Tabkin Kwatto. Amma kamin shekarar ta ƙare sai aka yi musu mummunar ɓarna a Tsuntsuwa kusa da Alƙalawa, inda aka kashe mutane wajen 2000, cikinsu akwai mahaddata Alƙur'ani kimanin 200. Mu tuna fa waɗannan mamata ba baƙi ba ne ga Nana, malaman gidansu ne da maƙwabta da iyayen ƙawayenta. Bayan haka jama'a suka gangara Sabon Gari a ƙasar Zamfara, yunwa da cuta suna bin su, dabbobi suna mutuwa, kamin su isa Gwandu a 1805. Can ma ba su huta ba, domin an sake cin su a yaƙin Alwasa, har abokan gaba suka iso bakin Gwandu. Sai a shekara ta 1808 Alƙalawa ta faɗi, aka kashe Yunfa.

Ke nan daga shekara 11 zuwa 15 na rayuwarta, Nana ba ta san wani abu ba sai sansani da ƙaura da labarin mutuwa. Cikin wannan hali ne aka yi mata aure wajajen 1807 da Giɗaɗo ɗan Laima, aminin Bello, wanda daga baya ya zama wazirinsa. Allah ya ba su ƴaƴa maza, babbansu Abdulƙadir shi ma ya riƙe wazirci bayan mahaifinsa.

Shekarar da Shehu ya rasu

Bello ya gina Sakkwato a 1809, Shehu ya zauna Sifawa na ƴan shekaru, sannan ya komo Sakkwato a 1815. Ranar 20 ga watan Afrilu na shekara ta 1817 Allah ya yi masa rasuwa. Cikin wannan shekara dai Hassan abokin tagwaitakar Nana shi ma ya cika. Tana da shekara 24 a lokacin.

Rasuwar Shehu ta girgiza ƙasa baki ɗaya. An yi wa Bello mubaya'a, amma baffansa Malam Abdullahi na Gwandu bai ji daɗin yadda abin ya gudana ba, sai da aka ɗauki lokaci kamin su shirya a wajen yaƙin Kalambaina. Malam Abdussalami, wanda saboda mutanensa aka fara rigimar tun farko, ya yi tawaye har aka kashe shi a 1818. Garuruwa da yawa sun juya baya. Mutane da dama sun ɗauka cewa abin da Shehu ya gina zai bi shi kabari.

Abin da Nana ta yi a wannan lokaci shi ne ta shiga tattara littattafai da waƙoƙin mahaifinta waɗanda suka sha yawo bisa raƙuma, ana adana su ana kwafe su don kada su salwanta. A shekara ta 1820 kuma ta rubuta littafinta na farko da aka sani, Tanbihul Gafilina, da Larabci, inda ta yi bayanin halayen da ke raba mutum da tsira da waɗanda ke kai shi gare ta, tare da kwaɗaitarwa ga bin sunnar Manzon Allah. Mu lura da wannan da kyau: shekaru 3 bayan babban rashin da ta yi, abin da ya fito daga hannunta littafin karantarwa ne.

A shekara ta 1822 rundunar Gobirawa da Abzinawa ta matso kusa da Sakkwato, hankalin mutanen gari ya tashi. Bello ya tsara wata gajeruwar waƙa da Larabci wadda haruffan farkon baitocinta suka haɗa ayar nan ta surar Alam Nashraha mai bushara da cewa sauƙi yana tare da tsanani. Nana ta mayar masa da amsa da tata waƙar cikin Fulatanci bisa wannan tsari, tana roƙon Allah ya kawo mafita. Wa da ƙanwa suna ƙarfafa wa juna zuciya da aya guda, alhali babu wanda ya san yadda gari zai waye. Wannan aya ta zama kamar sandar da ta dogara da ita har ƙarshen rayuwarta.

Gawakuke: rashin da ya shafi ɓangare biyu

A nan wajibi ne mu faɗi wata gaskiya, musamman da yake da yawa daga cikin masu karanta mu jikokin waɗanda suka yi yaƙi da Sakkwato ne. Rashin wancan zamani bai tsaya ga gidan Shehu kaɗai ba. Bayan faɗuwar Katsina a 1807, sarautar Haɓe ta Katsina ta yi gudun hijira ita ma, Ɗan Kasawa ya bi ta Damagaram kamin ya zo ya kafu a Maraɗi. Gobirawa sun rasa birninsu da sarkinsu. A shekara ta 1836 aka yi yaƙin Gawakuke, inda Bello ya ci rundunar haɗin gwiwa ta Gobir da Maraɗi da Abzinawa, aka kashe Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina na Maraɗi Rauda, aka kama mata da yara masu yawa aka tafi da su. Bayan wannan ne Gobirawa ƙarƙashin Mayaƙi suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, tare da taimakon Ɗan Mari.

Nana tana ɓangaren wanta ne, har ta yi waƙa a kan nasarar Gawakuke, babu abin ɓoyewa a nan. To amma sakamakon waɗannan yaƙe-yaƙe shi ne ƙasar Sakkwato ta cika da mata Hausawa waɗanda aka raba da garuruwansu da mazajensu, wasu bayi, wasu ƙwaraƙwarai, wasu zawarawa a ƙauyuka. Ba su jin Larabci, ba su jin Fulatanci, kuma abin da suka sani na neman sauƙi idan ciwo ko baƙin ciki ya same su shi ne bori. Da yawa daga cikin manyan gari ba su ga komai a cikinsu ba sai ganimar yaƙi. Ita kuwa, wadda ta san ɗacin barin gida tun tana yarinya, ta ga mutane ne masu bukatar wanda zai kula da su.

Ƴan taru da jajojinsu

Daga shekarun 1830 ne aikinta ya karkata sosai ga harshen Hausa. A 1831 ta mayar da waƙar mahaifinta Tabbat Haƙiƙa daga Fulatanci zuwa Hausa, waƙar da ke gargaɗin masu mulki da alƙalai da ƴan kasuwa a kan zalunci. Ta tsara sunayen surorin Alƙur'ani 114 cikin gajeruwar waƙa mai sauƙin haddacewa, da Fulatanci a 1829, da Hausa a 1838. Bisa wani littafi da Bello ya rubuta a kan mata salihai, ta yi waƙar Tawassuli ga Mata Masu Albarka a 1837, inda ta jero matan Manzon Allah da ɗiyansa da waliyyai mata na ƙasashen Musulmi, ta kuma haɗa da matan jama'ar Shehu waɗanda ta sani da idonta.

Rubutu kaɗai ba ya isa ƙauye, don haka ta kafa tsarin da aka sani da ƴan taru. A kowane yanki takan zaɓi dattijuwa mai hankali da riƙon amana ta naɗa ta jaji, ta ba ta malfa da jan ƙyalle da ake ɗaurawa a kai. Jaji ita ke jagorantar ayarin tsofaffin mata da ƴan mata waɗanda ba su kai aure ba, su taho a ƙasa daga ƙauyukansu zuwa gidan Nana, tun da matan aure masu ƙuruciya ba su samun fita. Su zauna su koyi waƙoƙi da ka, su koyi alwala da salla da hukuncin azumi da zaman aure da haƙƙin maƙwabci, sannan su koma su karantar da waɗanda suka bari a gida. Sukan zo da sadakar hatsi da zuma da man shanu da zane, ita kuma ta rarraba wa makafi da guragu da marayu da zawarawa. Bayan karatu, ƴan taru su ne masu jinyar marasa lafiya, da wankan gawar mata, da sharar masallaci, da sasanta masu faɗa.

Ga mutanen Gobir akwai abin lura a cikin wannan malfa. Malfa tana cikin kayan sarautar Inna ta Gobir, wadda ita ce uwar matan ƙasa kuma shugabar ƴan bori, sarautar da Tsibiri ta gada daga Alƙalawa. Nana ta ɗauko alamar da matan Gobir suka sani suke girmamawa, ta ɗora ta a kan malamar da za ta koya musu addini. Ta yaƙi bori da harshenta da alƙalaminta, amma ba ta tsaya ga hani kawai ba. A 1839 ta rubuta Tabshirul Ikhwan, wanda ya tattara surori da addu'o'in da ake neman waraka da su daga ciwo da tsoro da talauci da wahalar naƙuda, domin matar da aka hana ta zuwa wajen ƴan bori ta samu abin riƙewa a madadinsa.

Waƙoƙin ta'aziyya

Ana cikin wannan aiki mutuwa ba ta daina ziyartar gidanta ba. Baffanta Malam Abdullahi ya rasu a Gwandu wajajen 1829. A watan Oktoba na 1837 Bello ya rasu a Wurno bayan shekaru 20 yana mulki. Shekara guda bayan haka ƴar'uwarta Faɗima ta bi shi, sannan ɗan'uwanta Buhari. Mijinta Giɗaɗo, wanda suka yi zaman aure na fiye da shekaru 40, ya rasu wajajen 1850. A 1855 kuma aminiyarta A'isha, matar Bello, wadda suka sha wahalar hijira tare tun suna yara, ita ma ta cika. Kusan kowane ɗaya daga cikinsu Nana ta yi masa waƙar ta'aziyya, wadda malamai ke kira marsiyya.

Abubuwa uku muka gani a cikin waɗannan waƙoƙi. Na farko, ba ta ɓoye zafin da take ji. A waƙar Bello ta nuna kanta kamar marainiyar da aka bari ita kaɗai, a ta A'isha kuwa ta yi maganar hawaye da kaɗaici da rashin barci. Ta kuma kare kanta daga masu ganin bai dace malama kamarta ta yi kuka ba, inda ta nuna cewa Manzon Allah bai hana zubar da hawaye don tausayi da ƙauna ba, abin da ya hana shi ne kururuwa da ihu. Wannan darasi ne ga masu gaya wa wanda aka yi wa mutuwa cewa kukansa alamar raunin imani ce.

Na biyu, abin da take yabo ga mamaci shi ne halinsa. A waƙar da ta yi a 1838 a kan halayen Bello, mutumin da ya jagoranci yaƙe-yaƙe masu yawa, abin da ta tsaya a kai shi ne ilminsa da adalcinsa da tsoron Allah da taimakon talakawa da kula da baƙi. Ita da mijinta Giɗaɗo sun raba aiki bayan rasuwar Bello: shi ya rubuta tarihin Shehu da na Bello da Larabci, ita kuma a 1839 ta tsara tarihin hijira da yaƙe-yaƙen cikin waƙar Fulatanci, wadda ƙanenta Isa ya mayar da ita Hausa aka san ta da Waƙar Gewaye. Sun yi haka ne domin sun ga waɗanda suka shaida abin da idonsu suna ƙarewa, ƴan baya kuma sun fara shagala da mulki da dukiya.

Na uku, ba manya kaɗai take yi wa ta'aziyya ba. Ta yi wa wata maƙwabciyarta Halima waƙa saboda kirkinta da son zumunci. Ta yi wa Zaharatu, wadda ke zuwa wajen mata masu naƙuda ko da dare ko da rana, take kuma wanke gawa ba tare da ƙyama ba. Ta yi wa jajinta Hauwa'u, wadda ta yi shekaru tana kawo mata ayarin ɗalibai. Waɗannan mata ba su da sarauta ba su da dukiya, kuma ba don alƙalamin Nana ba da babu wanda zai san sun taɓa zama a duniya. Da yake ƴan taru suna haddace waƙoƙin suna kai su ƙauyuka, sai kowace mamaciya ta zama abin koyi ga matan da ba su taɓa ganin ta ba.

Ƙarshen rayuwarta

Nana ta ci gaba da rubutu har tsufanta. Lokacin da aka shiga fari ta yi waƙar Roƙon Ruwa da Hausa. A 1861 ta yi Dalilin Samuwar Allah, inda take jan hankalin mutum ya dubi sama da ƙasa da halittar jikinsa ya gane Mahaliccinsa. Sunanta ya kai nesa, har malamai daga ƙasar Shingiɗi, wato Muritaniya ta yanzu, suna musayar takardu da ita. Abin da ya iso gare mu na rubuce-rubucenta ya kai wajen 60, cikin Larabci da Fulatanci da Hausa.

Allah ya yi mata rasuwa a Sakkwato a shekara ta 1864, aka yi mata makwanci a Hubbare kusa da mahaifinta. Ƙanwarta Maryamu ta ci gaba da riƙon ƴan taru, kuma tsarin ya rayu har bayan da Turawan Ingila suka ci Sakkwato a 1903. Takardunta sun zauna a gidan waziran Sakkwato, zuriyarta, har zamanin Waziri Junaidu wanda ya rasu a 1997. A wajensa ne wata Baturiyar Ingila mai suna Jean Boyd ta yi nazarinsu ta fitar da tarihin Nana a 1989, sannan ita da Beverly Mack ta Amurka suka buga tarin ayyukanta a 1997.

Abin da za mu ɗauka

Jama'a, a ƙasarmu babu gidan da bai san rashi ba. Dattawa suna tune da farin 1973 da 1974 da na 1984, matasa sun ga ƙarancin abinci na 2005, ambaliyar ruwa ta 2024 ta rushe gidaje ta ci rayuka a Maraɗi da sauran jahohi. Daga shekara ta 2019 kuma dubban mutane, galibinsu mata da yara, suka ƙetaro iyaka daga Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa jahar Maraɗi suna gudun ƴan bindiga, wasunsu daga tsohuwar ƙasar Gobir ɗin nan da Nana ta yi tata hijirar. Idan muka je gaisuwar mutuwa ko jaje, kalmar da ke bakinmu ita ce a yi haƙuri, kuma kalma ce mai kyau. Sai dai sau da yawa abin da muke nufi da ita shi ne mutum ya yi shiru ya naɗe hannu.

Haƙurin Nana Asma'u ya bambanta da wannan. Ta yarda da hukuncin Allah, ta yi kukan da shari'a ta yarje mata, sannan ta duba me mamacin ya bari na alheri ta rubuta shi don kada ya ɓace, ta kuma duba wa ya fi ta shiga wahala ta nufe shi da abin da take da shi. Abin da take da shi kuwa shi ne ilmi, kuma ta kai shi har ga matan da yaƙin gidansu ya mayar bayi da zawarawa. Ba kowa ne zai iya tsara waƙa da harsuna uku ba, amma a kowace unguwa tamu akwai irin su Zaharatu da Halima da Hauwa'u, masu zuwa gidan haihuwa da gidan mutuwa ba tare da an kira su ba, akwai kuma matan da suka rasa mazajensu da ƴan gudun hijira da ƴan matan da aka cire daga lakwal waɗanda ke jiran wanda zai koya musu ko da Fatiha da karatun wasiƙa. Muna kira ga malamanmu mata da ƙungiyoyin mata da masu hannu da shuni da su dubi tsarin ƴan taru, wanda aka gudanar ba da kuɗin wata hukuma ba, sai da ƙafa da haddar waƙa da mudun hatsi.

Allah ya jiƙan Nana Asma'u da iyayenta, ya jiƙan dukan waɗanda suka rasa rayukansu a yaƙe-yaƙen wancan zamani ta kowane ɓangare, ya ba waɗanda aka yi wa rashi a yau haƙuri da ƙarfin zuciya, ya kuma zaunar da ƙasashenmu lafiya, amin. Sai mun haɗu a fili na gaba idan Allah ya kai mu.